Ƙofar da Ka Huda a Katangar Ofis: VPN da Aiki Daga Gida a Legas

Wani akawu da na sani yana zaune a Agege, ofishinsu kuma yana Apapa, kamfanin fito da kaya daga tashar jiragen ruwa na wani Alhaji mutumin Kano. Duk wanda ya zauna a Legas ya san abin da wannan tazara take nufi: sallar asuba a gaggauce, danfo zuwa Oshodi, wata motar zuwa Mile 2, sannan a faɗa cikin layin tireloli da tankokin mai ana salati. Da aka cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayun 2023, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabo, sai akawun ya roƙi maigidansa ya bar shi ya riƙa aiki daga gida kwana biyu a mako. Alhaji bai ƙi ba. Matsalar ita ce duk lissafin kamfanin yana cikin wata kwamfuta guda a ƙuryar ofis, ƙarƙashin tebur, kusa da firinta. Aka kira ni, da yake haɗa kwamfutocin ofisoshi ne abincina. Da na ce VPN za a saka, wato hanyar sirri ta cikin intanet da za ta haɗa kwamfutar gida da ta ofis, Alhaji ya gyara zama ya ce, "Malam, wai ba shi ne wanda yara suka cika wayoyinsu da shi lokacin da aka rufe Twitter ba? Ai kyauta ne. Me za ka karɓi kuɗi a kai?"

Tambayar tasa tana kan hanya, don yawancinmu a nan muka fara jin sunan. Gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter a watan Yunin 2021, ba a buɗe ba sai Janairun 2022, kuma a waɗannan watanni bakwai kowa ya koyi danna wani maɓalli da zai sa wayarsa ta zama kamar tana Holan ko Amurka. Fasahar ɗaya ce, amma inda aka nufa da ita ya bambanta. Na waya yana ɗaukar ka ya fitar da kai ta ƙofar wani kamfani da ba ka sani ba a wata ƙasa, don ka tsallake shinge. Na ofis yana ɗaukar ka ya shigo da kai cikin gidanku, har inda aka ajiye littattafan kuɗi. Kuma wanda ake bayarwa kyauta, sai mutum ya tambayi kansa da me masu shi suke biyan haya da albashi, tunda duk abin da ka aika ta hannunsu yake bi. Irin wannan ba ya kusantar kwamfutar da ake aikin ofis da ita.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta ga wanda ya taɓa aika saƙo ta tashar mota. Ɗan kasuwa a Mile 12 zai saka takardu a akwati, ya garƙame da kwado, ya rubuta sunan mai karɓa a Kano, ya ba direba. Direba ya san akwai akwati, ya san nauyinsa, ya san inda za a sauke shi, amma bai san abin da ke ciki ba. Haka kwamfutar akawu take yi. Duk saƙon da za ta aika wa sabar ofis, wato kwamfutar nan da ke riƙe da lissafin kamfani, sai ta fara kulle shi da lissafin da ba a iya warwarewa sai da mabuɗi, ta saka shi cikin wani ƙunshi na biyu mai ɗauke da adireshin rautar ofis, wato na'urar da ke haɗa ofis da intanet, ta miƙa wa MTN ko Airtel ko duk wanda take amfani da layinsa. Kamfanin layin yana ganin ƙunshin yana wucewa, ba ya ganin cikinsa. Idan ya isa, rautar ofis ta buɗe, ta miƙa wa sabar kamar daga teburin da ke kusa aka aiko. Shi ya sa masu sana'ar suke kwatanta shi da bututu: an shimfiɗa shi cikin titin da kowa ke bi, amma abin da ke gudana a ciki ba ya gauraya da na kowa.

Batun mabuɗin shi ne mafi daɗin bayani. Kowane ɓangare yana da abu biyu, ɗaya kamar kwado, ɗaya kamar ɗan makullinsa. Kwadon kana iya raba wa kowa, ba komai. Ɗan makullin kuwa ba ya barin na'urarka har abada. Ofis ya riƙe kwadon akawu, akawu ya riƙe kwadon ofis, da haka kowa yake tabbatar da cewa wanda yake magana da shi ba sojan gona ba ne. Idan ka ga wani mai haɗa maka VPN ya turo maka fayil ɗin mabuɗi ta zauren WhatsApp na ma'aikata, to tun daga nan aikin ya lalace, ko da fitilar ta nuna kore.

Hanyoyin yin wannan bututu suna da yawa, amma ba duka suka cancanci a ɓata lokaci a kansu ba. Akwai tsoho mai suna PPTP, wanda har yau za ka same shi a cikin ƙananan rautocin da ake sayarwa a Computer Village ta Ikeja, kuma masu gyara suna son sa don minti biyar ya isa a kunna shi. An nuna yadda ake fasa shi a bainar jama'a tun 2012, Apple ya cire shi daga wayoyinsa da kwamfutocinsa a 2016. Wanda ya saka maka shi yau ya sayar maka da kwadon da kowane yaro a unguwa yake da makullinsa. Waɗanda ake lissafi da su uku ne. IKEv2 yana zuwa a cikin Windows da iPhone da Android na yanzu, ba sai an sauke wata manhaja ba, kuma yana jure sauyin layi. OpenVPN, wanda ya fito a 2001, ya ga jiya ya ga yau, kuma yana da wata baiwa: ana iya bi da shi ta ƙofa mai lamba 443, wadda shafukan intanet suke bi, don haka ko a otal ɗin da suka toshe komai yakan wuce. Sai ƙaraminsu, WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, aka shigar da shi cikin zuciyar manhajar sarrafa kwamfuta ta Linux a watan Maris na 2020, a daidai makon da aka kulle Legas saboda korona. Layukan rubutunsa kusan dubu huɗu ne kacal, wanda ke nufin masana suna iya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe su nemi kuskure. Yana da sauri, ba ya cin batir, kuma idan baƙon da ba shi da mabuɗi ya ƙwanƙwasa, ba ya ko amsawa, kamar babu kowa a gidan.

Ni dai ga ƙaramin ofis a Legas WireGuard nake zaɓa, musamman da yake rautocin MikroTik da suka cika ofisoshinmu suna ɗauke da shi tun daga fitowa ta 7 ta manhajarsu RouterOS. Dalilina ba tsaro kaɗai ba ne. Ma'aikacinmu yana aiki da wayafai na gida, a ɗauke wuta, ya koma kan datar wayarsa, layin ya yi rauni, ya sauya zuwa ɗaya sim ɗin, duk cikin awa guda. WireGuard yana bin sa duk inda ya koma ba tare da ya sake shiga ba. Amma yana da rauninsa da ya kamata a faɗa: na'ura yake ganewa, ba mutum ba. Ba ya tambayar kalmar sirri, ba ya tambayar lamba ta biyu. Duk wanda ya ɗauki kwamfutar a buɗe, ya ɗauki mabuɗin. Zan dawo kan wannan.

Kafin a kai ga tsaro, akwai tuntuɓen da yake kayar da mutane da yawa a nan, wato adireshi. Don ma'aikaci ya kira ofis daga waje, dole ofis ya kasance yana da adireshin intanet na fili wanda duniya za ta iya nema. Tsohon tsarin adireshin, IPv4, guda biliyan huɗu da 'yan kai ne kawai, kuma sun daɗe da yin ƙaranci. Sai kamfanonin layi suka koma tara ɗaruruwan kwastomomi a bayan adireshi guda, abin da ake kira CGNAT. Ka ɗauke shi kamar gidan haya mai ɗakuna talatin a Idi-Araba, lamba ɗaya ce a ƙofar waje. Na ciki yana iya fita ya aika saƙo, a kawo masa amsa, don mai gadi ya ga fitarsa. Amma baƙon da ya zo da lambar gida kawai, bai san ɗaki ba, mai gadi ba zai san wa zai kira ba, sai ya sallame shi. Ofis ɗin da yake kan layin wayar salula ko ƙaramar rauta mai sim, kusan kullum haka yake. Starlink ma, da ya shigo Najeriya a Janairun 2023, a tsarinsa na gama-gari haka yake yi. Gane wannan ba wuya: ka shiga shafin rautarka ka duba adireshin da kamfani ya ba ta. Idan ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, ko ya fara da 10, ko ya saɓa da wanda shafukan duba adireshi suke nuna maka, to a ɗakin haya kake. Na taɓa ganin wani matashin injiniya ya shafe yini biyu yana buɗe ƙofofi a rauta, yana zargin kansa, alhali abin da yake nema ba ya hannunsa.

Mafita biyu ce. Ko dai a biya kamfanin da ya ja wa ofis igiyar intanet ya ba da adireshi na fili tsayayye, wanda yawanci suna yi a kan ƙarin kuɗi duk wata, ko kuma a yi hayar ƙaramar saba a wani wuri ta zama mahaɗa: ofis ya kira ta, ma'aikaci ya kira ta, su gamu a can. Akwai kamfanoni irin su Tailscale da ZeroTier da suka mayar da wannan haɗa-kan sana'a, suna ƙoƙarin haɗa na'urorin biyu kai tsaye, sai idan ya gagara su bi ta sabarsu. Suna sauƙaƙa aiki ƙwarai, sai dai ka sani ka ƙara mutum na uku cikin amanarka, kuma da dala ake biyan su idan ma'aikata sun yi yawa.

Inda za a ajiye mahaɗar nan ba ƙaramin batu ba ne, kuma a nan ne son araha yake cutar da mu. Sabar da ta fi sauƙin kuɗi tana Landan ko Frankfurt. To saƙon akawu zai tashi daga Agege, ya shiga igiyar ƙarƙashin teku ya tafi Ingila, ya juyo ya dawo Apapa, amsar ma ta sake bin wannan hanya. Zuwa da dawowa tsakanin Legas da Landan yana cin kusan kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, ka ninka biyu. A ido ba komai ba ne, amma manhajar lissafi tana yi wa saba ɗaruruwan ƙananan tambayoyi kafin ta buɗe shafi guda, kowace sai ta jira amsar ta baya. Ka ga shafin da yake buɗewa nan take a ofis ya koma sai an tafi an sha shayi an dawo. Ban da jinkiri, akwai abin da ya faru ranar 14 ga Maris, 2024, lokacin da igiyoyin teku huɗu, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace a gaɓar Kodebuwa. Ranar har wasu bankuna sun kasa aiki yadda suka saba. Wanda mahaɗarsa take Turai, sai ya kasance Agege ba ta iya magana da Apapa da kyau saboda abin da ya faru a ƙarƙashin teku nesa da su duka. Alhali akwai cibiyoyin ajiye saba a nan cikin gari, Rack Centre a Ikeja da MDXi a Lekki, akwai kuma IXPN inda kamfanonin layi suke musayar zirga-zirga ba tare da ta bar ƙasa ba. Ya fi tsada a wata, gaskiya ne, amma araha ba ta ado.

Shi akawun namu, adireshi tsayayye muka saya, don haka ba mu buƙaci mahaɗa ba. Ranar farko da ya gwada daga gida sai ga kiransa: "Injiniya, ya nuna ya haɗu, amma ba na ganin komai." Na ce ya karanto mini adireshin da rautar gidansa ta ba kwamfutarsa. Ya ce 192.168.1.5. Na dafe kai, don ofis ɗin ma da 192.168.1 aka jera shi tun shekaru, sabar tana kan 192.168.1.10. Kwamfutarsa da ta ga wannan lamba sai ta ɗauka ai maƙwabciya ce a cikin ɗakinsa, ta tsaya tana neman ta tsakanin talabijin da wayar matarsa, ba ta ko leƙa bututun ba. Kamar ka ce wa ɗan acaɓa ya kai ka Sabon Gari ba ka faɗi na wane gari ba. Kusan duk rautocin gida da 192.168.0 ko 192.168.1 suke zuwa, na Huawei masu sim kuma da 192.168.8. Maganin shi ne ofis ya ƙaura zuwa jerin da ba kowa ke amfani da shi ba, irin 10.47.20. Ranar Asabar muka yi wannan ƙaura, firinta ce ta fi ba mu wahala, kamar kullum. Akwai kuma wata 'yar cuta mai kama da wannan, inda ƙananan saƙonni suke wucewa amma babban fayil ya maƙale: akwati na biyu ya ƙara wa ƙunshin girma har ya wuce abin da layin wayar yake ɗauka. Rage girman ƙunshin daga 1420 zuwa kamar 1280 yakan warkar da ita.

Manhajar lissafin kuwa ba mu bar ta ta riƙa jan bayanai ta cikin bututu ba. Layi ya yanke ana tsakiyar rubuta ciniki, fayil ɗin shekara guda yana iya lalacewa. Sai muka bar kwamfutarsa ta ofis a kunne, yana shiga ta daga gida yana ganin allonta, aikin yana gudana a can, hoto kawai ke zuwa masa. Wannan shiga daga nesa tana bi ta ƙofa mai lamba 3389, kuma a nan zan ja kunne: wasu masu gyara, don gudun wahalar VPN, sukan buɗe wannan ƙofa kai tsaye ga intanet. Akwai na'urori da ba su da aiki dare da rana sai zagaya adiresoshin duniya suna gwada ta da kalmomin sirri. Cikin awoyi za su same ka. A cikin bututu kawai ake buɗe ta. Wuta kuma, ba sai na faɗa ba. Idan an kashe janareto ƙarfe biyar an tashi, rauta da saba sun mutu, ma'aikacin gida ya tashi aiki ko yana so ko ba ya so. Ƙaramin inbata na rauta da saba kaɗai, daban da na firji da fanka, yana cikin kuɗin aikin tun farko.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu na sa abu ya yi aiki ne, kuma a nan yawancin masu haɗawa suke karɓar cikon kuɗinsu su tafi. Ni kuwa a ganina a nan aikin ya fara. Kafin ranar nan, wanda yake son taɓa lissafin Alhaji sai ya zo Apapa, ya wuce mai gadi, ya hau bene. Yanzu mun huda ƙofa a katanga wadda ake iya ƙwanƙwasawa daga ko'ina a duniya. Kulle bayanai a hanya yana kare ka daga mai leƙe, amma ba ya tambayar wanda ya shigo ko shi wane ne. Ɓarawon da ya samu mabuɗi, shi ma bututun zai rufa masa asiri yadda yake rufa wa akawu.

Misalin da ya fi fitowa fili daga Amurka yake. A watan Mayun 2021 masu garkuwa da bayanai suka shiga kamfanin Colonial Pipeline, wanda bututunsa yake kai kusan rabin man da gabashin ƙasar yake sha. Aka rufe bututun kwanaki, aka yi layin mai irin wanda muka saba gani a nan, kamfanin ya biya kuɗin fansa kimanin dala miliyan 4.4. Ta ina suka shiga? Ta wani tsohon asusun VPN da ba a amfani da shi amma ba a goge ba, kalmar sirri ɗaya tal, babu tabbaci na biyu. Shugaban kamfanin da bakinsa ya amsa haka a gaban majalisar dattawan ƙasar. Babu wanda ya fasa lissafin kullewar. Ƙofa suka tarar da makulli a jiki.

Yanzu ka dubi ofisoshinmu. Asusu ɗaya ne, sunansa "ofis", kalmar sirrinsa sunan kamfani da shekara, mutum takwas suna amfani da shi, har da yaron da aka sallama bara bayan rigima kan kuɗin wani kwantena. Ba wanda ya sauya komai bayan tafiyarsa, don sauyawa na nufin a bi sauran bakwai ɗaya bayan ɗaya. Shi ya sa ƙa'idar farko ita ce kowane mutum da mabuɗinsa, kowace na'ura da nata, da sunan mai shi a rubuce. Ranar da mutum ya ajiye aiki, layi ɗaya za a goge, kafin ya kai bakin geti. Idan an sace kwamfuta a cikin gosulo, abin da ba baƙo ba ne a gadar Third Mainland ko Oshodi da yamma, mabuɗinta kawai za a kashe, sauran ma'aikata ba su ma san an yi ba.

Tabbaci na biyu kuma, wato bayan kalmar sirri a nemi wani abin da yake hannunka, ba kowane iri ne ya yi daidai da mu ba. Lambar da ake turowa ta tes ta fi babu, amma mun san labarin sace layi a ƙasar nan, inda mutum zai wayi gari wayarsa ba sabis, wani ya karɓi sim da lambarsa. Manhajoji irin su Google Authenticator ko Microsoft Authenticator suna samar da lamba a cikin wayar kanta, tana sauyawa duk daƙiƙa talatin, ba sa ma buƙatar sabis. Ga mai riƙe da kuɗin kamfani, ɗan makullin da ake sokawa a kwamfuta irin YubiKey ya fi duka. Tunda WireGuard ba ya tambayar wannan da kansa, sai a ɗora tabbacin a ƙofar da ke gaba, wato wajen shiga kwamfutar ofis, sannan a kulle faifan kwamfutar ma'aikaci da BitLocker ko makamancinsa, don wanda ya sace ta ya samu ƙarfe kawai.

Sai tambayar da ba a cika yi ba: wanda ya shigo, ina da ina zai iya zuwa? A gidan Bahaushe baƙo ba ya wuce zaure sai da dalili, wanda aka shigar tsakar gida ma ba a kai shi turaka. Amma yawancin VPN ɗin da nake tararwa, da ka shigo, gidan duka naka ne: saba, kyamarorin tsaro, kwamfutar Alhaji, shafin sarrafa rautar kanta. Bai kamata ba. Akawu ya ga kwamfutarsa ta ofis kawai. Mai bin takardun kwastan ya ga jakar takardu kawai. Layuka kaɗan ne a katangar tsaron rauta, aikin rabin awa. Amfaninsa yana bayyana ranar da kwamfutar gida ta kamu da cuta. Kuma za ta kamu, don da ita yara suke sauke wasanni da daddare, da ita ƙanen matar gida yake saka manhajar da aka fasa aka sayar masa a filashi. Bututu ba ya tace abin da ya bi ta cikinsa. Idan kamfani zai iya, ya saya wa ma'aikacin kwamfutar aiki daban, a kuma gaya masa ba ta aro ba ce.

Akwai muhawarar ko duk zirga-zirgar ma'aikaci za ta bi ta ofis, ko abin da ya shafi ofis kawai. Manyan kamfanoni da bankuna sun fi son na farko don su ga komai su tace komai. Ƙaramin ofis da ya kwaikwaye su zai tarar da YouTube ɗin ma'aikata yana cinye layinsa, taron bidiyo yana sarƙewa. Da tsadar data, musamman bayan hukumar NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, raba hanya ya fi dacewa da mu, muddin kwamfutar tana da kariyarta.

Wasu masu kuɗi suna ganin sun tsira idan suka sayi babban akwatin tsaro mai suna. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga, kuma waɗannan akwatuna sun sha tsagewa. A watan Satumban 2021 aka watsa jerin sunaye da kalmomin sirri kusan dubu ɗari biyar da aka kwasa daga na'urorin Fortinet, ta wata ɓaraka da kamfanin ya fitar da facinta tun 2019, masu na'urorin ne ba su ɗora ba. A farkon 2024 hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta umarci ma'aikatun gwamnatin ƙasar su cire na'urorin VPN na Ivanti daga layi gaba ɗaya cikin kwana biyu, saboda yadda ake shiga ta cikinsu. Na'urar da take fuskantar titi ita ce ta farko da ake gwadawa. Idan ba ka da wanda zai riƙa duba ta duk wata yana ɗora faci, ko lasisinta ya ƙare ba ka sabunta ba saboda dala ta tashi, to ƙaramin abin da kake iya kula da shi ya fi maka babban da ka manta da shi a cikin kabad. Doka ma yanzu ta shigo ciki. Dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ta ɗora wa kamfani alhakin bayanan mutanen da yake riƙe da su, kuma idan aka yi kutsen da zai iya cutar da su, awa 72 gare shi ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Kamfanin fito da kaya yana riƙe da kwafin fasfo da lambobin asusun banki na kwastomomi, don haka ba zancen manyan bankuna kaɗai ba ne. Wanda ba ya ajiye rajistar wa ya shiga, yaushe, daga ina, me zai rubuta a wannan sanarwa?

Kuma a yi gaskiya, ba kowane ofis ne yake buƙatar VPN ba. Idan aikinku duka wasiƙu ne da takardu, kuna kan Google Workspace ko Microsoft 365, babu wata saba a ƙarƙashin tebur, to huda ƙofa ba shi da dalili. Ku kunna tabbaci na biyu a asusunku, ku huta. Na sha hana mutane sayen aikin da zan ci riba a kansa saboda haka.

Da muka gama komai a ofis ɗin Alhaji, na buga takarda ɗaya na kai masa: sunaye huɗu, na'urar kowa, abin da kowa yake iya gani, da yadda ake goge mutum. Kalmar sirrin rautar na rubuta daban, na saka a ambulan na manne, na ce ya ajiye a sef, don na san ofisoshi da yawa a garin nan da injiniyansu ya koma Abuja ko ya bar ƙasar da makullan gidansu a kansa. Ya sa tabarau ya bi sunayen da yatsa, ya tsaya a na huɗu.

"Wannan kuma na wa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Don in wani abu ya lalace in gyara daga gida, ba sai na shigo Apapa ba."

Ya yi shiru yana kallon takardar. Sannan ya ce, "To, Malam, ba kai ka ce kowa iya abin da yake buƙata ba? A kashe naka. Ranar da muke neman ka, akawu zai kunna, ka gama ya kashe."

Na jawo kwamfutata na nuna wa akawun inda zai danna.